Guba Ba Farauta Ba Ce

Duk mai kiwon awaki ko zabbi a ƙauyukan da ke tsakanin Kaura Namoda da Zurmi, ko can wajen Shinkafi, ya san ɓarnar dila. Ba kasafai yake tunkarar babbar akuya ba. Ɗan da aka haifa jiya yake nema, ko kazar da ta kwana a ƙasa. A da, idan ya addabi gari, maharbi ake kira. Yanzu abin da ake yayi shi ne a sayo maganin ƙwarin gona, a barbaɗa a kan mushe ko kayan ciki, a jefar a bayan gari, a koma a kwanta. Samari na ganin wayo ne. Ni asara nake gani, kuma tana ci mini rai.

Na san abin da ya kawo mu nan. Dajin Dumburum da na Sububu ba su shiguwa, 'yan bindiga sun mamaye su. Farautar rani da ake fita gayya da karnuka da kiɗa bayan an kawar da amfanin gona, wadda a cikinta yaro ke fara riƙe gora yana bin manya, kusan ta zama labari a yankinmu. Maharba da yawa sun koma gadin gari tun kafin gwamnati ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024. Ga kuma abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a hanyarsu ta komawa gida. Wane uba ne zai ji wannan ya miƙa wa ɗansa bindigar toka da sanyin zuciya? Ban ga laifin mai tsoro ba. Amma dilan da ke cin 'yan awaki ba a tsakiyar daji yake ba, a bayan danga yake, kuma sanin yadda ake kama shi bai buƙatar a yi nisa da gari.

Maharbin ƙwarai ba da tarko yake fara koya wa yaro ba, da sawu yake farawa. Da sassafe, kafin dabbobi su tattake ƙasa, zai durƙusa ya nuna masa: sawun kare ya fi faɗi, kuma yana karkace-karkace, don kare yawo yake yi, na dila siriri ne, a jere yake tafiya kamar an ja zare, don shi ya san inda za shi. A bi sawun har inda yake kutsawa ta ƙarƙashin shinge, sau da yawa a tarar da 'yan gashinsa maƙale a ƙaya. Nan ne wurin. Sai a turara tarkon ƙarfe da hayaƙi, a goga masa kashin awaki don warin hannun mutum ya ɓace, a haƙa ɗan rami, a rufe da rairayi mai laushi, a share sawun ƙafa da reshe. Bayan isha'i ake ɗanawa, a kwance kafin a saki dabbobi, kuma a sanar da maƙwabta saboda yara. Wanda ya ɗana tarko ya bar dabba tana wuni a ciki da karyayyar ƙafa, manya ba sa kiransa maharbi. Addini ma ya umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa.

Wannan aikin dila guda yake cirewa, wanda ya saba da garken. Guba kuwa ba ta tambayar wanda ya zo. Karen gida ya ci ya mutu, alhali shi ne mai haushi da dare. Ungulu ta sauka ta ci, ita da 'yan uwanta. Waɗanda suka girma a kusa da mahautar Kaura ko kasuwar Alhamis ta Shinkafi su tambayi kansu yaushe rabon da su ga ungulaye sun yi dafifi kamar da. Tun 2015 ƙungiyar IUCN mai bibiyar halittun duniya ta sanya irin ungulun nan ta bakin mahauta cikin waɗanda ke gab da ƙarewa, kuma guba na cikin manyan dalilai. Idan ba ungulu, mushe ya daɗe yana ruɓa, karnukan banza su yawaita, haɗarin cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Ban ma zo kan ruwan farko da zai wanke ragowar maganin zuwa tafkin da ake shayar da shanu ba.

Kuma ko ta fuskar riba, lissafin bai fita. Amurka na da wata dabba dangin dila da suke kira koyote. Amurkawa sun shafe shekaru suna zuba mata guba a filayen kiwon tumaki, har Shugaba Nixon ya hana hakan a filayen gwamnati a 1972, kuma har yau ana kashe dubun-dubata duk shekara. Duk da haka ta bazu daga yammacin ƙasar har gabas, har cikin birane. Idan aka share dilolin wani wuri, wasu ne ke shigowa su gaje shi. Kafin su iso kuma, ɓeraye da gafiyoyin da dila ke ragewa sun samu sarari a gona da rumbu.

Abin da nake so in gani bai fi ƙarfin kowace unguwa ba. Tsofaffin maharba na nan da ransu, wasu suna zaune a Kaura da Zurmi gudun hijira ba aikin yi. Masu dabbobi su haɗa kuɗin da suke kashewa a kan magani, su sallami ɗaya daga cikin maharban, ya ɗauki samari biyu ko uku yana zagaya bayan gari da su da asuba. Mai unguwa da Sarkin Baka, inda sarautar ta rage, su hana jefar da nama mai guba. Kafin ma a kai ga tarko, a tsuke shingen garke da ƙayar bagaruwa ko ta magarya har ƙasa, a riƙa shigar da akuya mai jego cikin gida, a daina zubar da mushe kusa da gari, a ɗaga akurkin kaji sama.