Sharhi a Kan Fim Ɗin "The Great Train Robbery"

Tun kafin finafinan kaboyi su mamaye gidajen sinima, kamfanin Edison na Amurka ya fitar da wani ɗan gajeren fim a 1903, wanda Edwin S. Porter ya ba da umarni. Tsawonsa bai wuce minti goma sha biyu ba, kuma babu muryar kowa a cikinsa. Duk da haka, muna ganin akwai darasi a nan ga duk mai riƙe alƙalami.

Labarin a miƙe yake. 'Yan fashi sun ɗaure ma'aikacin tangaraho a tashar jirgin ƙasa, suka hau jirgin, suka fasa akwatin kuɗi, suka tsare fasinjoji, suka sulale cikin daji a kan dawaki. 'Yar ma'aikacin ta tarar da shi a ɗaure, ta watsa masa ruwa ya farfaɗo, ya ruga gidan rawa ya kai labari. Aka bi sawun ɓarayin, aka gama da su. Ba a yi wa mai kallo wa'azi ba, aikin kowa ne ya faɗi halinsa. Mu da kan cika shafi uku muna bayyana muguntar mugu kafin ya motsa, ya kamata mu yi wa kanmu faɗa.

Sai dai fim ɗin yana da rauni. An kafa kyamara nesa, har ba a iya bambance fuskoki, kuma ba a rubuta sunayen 'yan wasa ba. Shi ya sa Gilbert M. Anderson ya fito a matsayi fiye da ɗaya, ciki har da fasinjan da aka harbe, ba tare da an lura ba. Mutuwarsa ba ta taɓa zuciya, domin ba mu san shi ba. Daga baya Anderson ya shahara da sunan Broncho Billy, aka kuma karrama shi da Oscar a 1958.

Wurin da aka fi tunawa shi ne inda Justus D. Barnes ya fuskanci kyamara ya harba bindiga ga 'yan kallo. Nan kaɗai aka ga fuska sosai, nan kuma ya zauna a zukata. Ashe gudun labari bai isa ba, sai an ba mai karatu mutumin da zai sani, ya ji tsoronsa ko tausayinsa.