Faifan yana Amurka, memorin yana aljihuna

A hutun da ya wuce muna zaune a fada bayan isha'i a nan Magarya, shayi na biyu yana kan wuta, sai wani abokinmu da ke karatu a jami'ar Damagaram ya miƙo mini wayarsa ya ce in duba. Hoton faifai ne, irin baƙin faifan garmaho na zamanin kakanninmu, cikin kwali mai zane. Sunan makaɗin Hama, mutumin Yamai. Da ya kunna kiɗan sai na ajiye kofi. Wallahi na san shi. Ya daɗe a memorina da sunan «Track 14», kuma duk tsawon lokacin nan na ɗauka na ƴan Mali ne ko na Larabawa.

Daga nan musu ya ɓarke. Abokin nan nawa ya ce ai faifai shi ne kiɗa na gaskiya, abin da muke turawa juna a waya kuwa ƙanzo ne. Ya karanta cewa a Turai da Amurka masu kiɗan rawa na na'ura sun daɗe suna wannan jayayya: wasu DJ ba sa taɓa komai sai faifai, wasu kuma su zo wurin rawa da ƴar kile ɗaya a aljihu, waƙa dubu a ciki. Kuma gaskiya ne faifan ya farfaɗo a can, don a 2022 an sayar da shi fiye da CD a Amurka, abin da rabon a gani tun 1987. Na ce masa to madalla, amma mu ina ruwanmu? Da na kwana da maganar sai na ga da ruwanmu tsundum, domin cikin fayafayan da suke saye har da kiɗanmu.

Akwai wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland. Ya zauna a Kidal ta ƙasar Mali yana karɓar waƙoƙi daga wayoyin mutane kamar yadda ni da kai muke yi, sannan a 2011 ya buga wasu a faifai da sunan «Music from Saharan Cellphones», wato kiɗan wayoyin Sahara. Cikinsu akwai ta Mdou Moctar, wanda ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa a sutudiyo irin na ƴan fim ɗin Hausa, da fiyano da muryar nan da na'ura ke lanƙwasawa. Yau duniya ta san shi. A 2013 kamfanin ya sake fitar da kiɗan Mamman Sani, wanda ya ɗauka tun 1978 da ogan ɗinsa na lantarki, kiɗan da iyayenmu suka sha ji a rediyo da talabijin na ƙasa tsakanin shiri da shiri ba tare da yawancinsu sun tambayi mai shi ba. A shekarar ne kuma aka buga «Harafin So», tarin waƙoƙin finafinan Kano. Hama ya biyo baya da «Torodi» a 2015 da «Houmeissa» a 2019.

Ka ga abin mamaki. Kiɗan da aka haifa a kwamfuta, ya yi rarrafe a bulutut, ya girma a memori, shi ne aka kai ƙetare aka zuba a roba.

Nan ne hujjar abokina ta fara rawa. Masu son faifai suna cewa sautinsa ya fi ɗumi, ya fi kusa da asali. Wataƙila haka ne ga kiɗan da aka ɗauka a tef tun farko, kamar na Mamman Sani. Amma kiɗan da aka haɗa a kwamfuta asalinsa lambobi ne, faifan shi ne kwafi. Na saurari «Houmeissa» da abin kunne mai kyau, abin da ya kama ni shi ne yadda Hama ke ɗauko karin waƙoƙin makiyaya da na jitar hamada ya ɗora su a kan bugun na'ura mai kaifi, sauti tas kamar gilashi, yana ta zagayowa wuri ɗaya har sai kafaɗarka ta fara motsi ba ka sani ba. Wane ɗumi za a ƙara wa wannan? Mamman Sani kuwa, in faɗi gaskiya, ba na rawa ba ne. A hankali yake tafiya kamar raƙumi da kaya, kiɗan zaman dare ne, kuma na fi son sa a kan na Hama nesa ba kusa ba, ko da yake a fada ni kaɗai ne mai wannan ra'ayi.

Sannan faifai ba kayan ƙasarmu ba ne, wannan na gani da idona. Kawuna da ya yi zaman Kano yana da fayafayan Shata da Ɗan Maraya a ƙasan adaka. Mun fito da su bara, rabi sun lanƙwashe kamar tasa da aka taka, saboda roba ce, zafin bazara ba ya raga mata. Sauran ƙurar hunturu ta cika layukansu. Garmahon ya rasa allura tun kafin a haife ni, kuma ka zagaye kasuwar Magarya ka haɗa da ta Maigatari ranar Alhamis, in ka samo allurar garmaho ka zo in biya ka. Faifai babba yana ɗaukar minti ashirin da ƴan kai a kowane gefe. Memori mai giga huɗu, wanda bai kai farcen yatsa ba, yana ɗaukar waƙa kusan dubu. Kuɗin faifai guda ya haura dala ashirin, kuma dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Sama da jaka goma ke nan kafin kuɗin aikowa. Wane ɗan lise ne zai iya?

To da a nan maganar ta tsaya, da na ce memori ya ci gari mu tashi. Abin da ya hana ni shi ne «Track 14».

Faifan da ba zan iya saye ba, wanda ba ni da abin kunna shi, shi ne ya gaya mini sunan mutumin da na daɗe ina jin kiɗansa. Darajar faifai a wurina tana jikin kwalinsa: suna, hoto, shekara, gari. Kafin a buga shi sai da aka nemo makaɗan, aka nemi izininsu, aka ba su rabonsu. Mu fa? Ka je wurin mai tura waƙoƙi a bakin tasha, ka ba shi ƴan canji, sefa ko naira duk yana karɓa, ya cika maka memori. Shi ya samu na cefane, ban kuma ga laifinsa ba, don shi ne ɗakin ajiyar kiɗa guda da muke da shi. Amma wanda ya kwana a sutudiyo yana haɗa kiɗan ko tamma ba ta kai gare shi ba. Ko suna ba ya kaiwa. Waƙa ta bi ta Xender, ta faɗa WhatsApp, ta fito da suna irin AUD da jerin lambobi, wani DJ ya ɗora tallar kansa a tsakiya, a hanya akan matse ta sautin ya ragu, har gangar ƙasa ta koma kamar ana buga gwangwani. A kan wannan matsewar kam abokina yana da gaskiya, sai dai laifin hannuwan da ta bi ne.

Kada wani ya ce mu ba ma biyan makaɗi. Muna biya. Duk wanda ya je biki a Dungas ko Bande ya ga yadda ake liƙi in mai fiyano ya kama sunan uwar amarya. Hannunmu a sake yake muddin makaɗin yana gabanmu yana kallonmu. Da zarar kiɗan ya shiga waya sai ya zama kamar ruwan tafki, kowa ya ɗiba. Ko mai niyyar biya ma ƙofa a rufe take: shafin Bandcamp, inda ake sayar da kiɗan Hama a faifai da kuma na saukewa a waya, katin banki yake nema, mu kuwa a ajinmu ban ga mai shi ba.

Ina da ƙorafi a kan masu faifan su ma. Kunnen baƙo ne ke zaɓen wanda za a buga. Abin da ya yi kama da hamada da rawani da raƙumi ya fi saurin shiga, kiɗan bikin da ƴan matan Wacha ke takawa har asuba kuwa sai wanda Allah ya ciyar. In muka bar adana kiɗanmu a hannun wanda ke Portland, komai kyawun niyyarsa, jikokinmu za su san Nijar ɗin da ta yi masa daɗi ne kawai.

Kuma ajiyar tamu ba ta da tabbas. Da damina memorina ya ƙi buɗewa, waya ta ce sai an goge shi. Waƙoƙin Kano na sake samun su a yini ɗaya. Abin da ban sake samu ba shi ne kiɗan wani yaro mai fiyano da na ɗauka a bikin ƴar'uwata a wani ƙauye kusa da Dogo-Dogo, minti tara na bugun da ban taɓa jin irinsa ba, kalangu ne ya mayar cikin na'ura yana amsa wa kansa. Ban tambayi sunansa ba a daren. Na yi cigiya daga baya, aka ce ya tafi ci-rani.

Tun daga nan na canza hali kaɗan. Duk waƙar da na san mai ita ina zama in gyara sunan fayil ɗin: makaɗi, gari, shekara. In zan tura ta WhatsApp ina tura ta a matsayin takarda, don ta haka sunan yake tsira, ba a kuma ƙara matse sautin. Abin da na fi so ina ajiye shi a memori biyu, ɗaya a ɗakin innata. Na roƙi mai turin bakin tasha ya ware wa makaɗan Magarya da Dungas jaka tasu daban da sunayensu. Ya yi dariya ya ce wa zai biya shi ladan rubutu, amma ranar kasuwar da ta wuce na leƙa kwamfutarsa na ga ya buɗe ta, mutum shida a ciki.