Kalmar "Theory" Ba Hasashe Ba Ce: Gyara Ga Masu Fassara Labaran Kimiyya

Duk mai bibiyar labaran kimiyya a gidajen rediyo da shafukan Hausa zai lura da wata al'ada: da zarar mai fassara ya ci karo da kalmar Turanci "theory", sai ya rubuta "hasashe" ya wuce abinsa. Sai ka ji ana cewa "hasashen Einstein" ko "hasashen Darwin". A ganinmu wannan fassara tana yi wa kimiyya illa, kuma lokaci ya yi da za a sake duba ta.

Laifin ba na masu fassara ba ne kacokan, don kalmar tana da fuskoki da yawa a Turancin kansa. Asalinta Girkanci ne, inda take nufin kallo da zurfafa tunani. A hirar yau da kullum, Bature kan yi amfani da ita wajen faɗin zatonsa game da wanda ya ɗauke masa biro. A nan "zato" ko "hasashe" sun zauna daidai. Ɗalibin sakandare kuma, in ya ce yau "tiyori" za su rubuta a jarabawar WAEC, yana nufin tambayoyin da ake amsawa da dogon rubutu. Bakanike in ya ce wa sabon yaronsa "kai tiyori kawai ka iya", yana nufin ilimin takarda da bai haɗu da aikin hannu ba. Sai ma'ana ta huɗu, ta masana kimiyya: cikakken bayani kan dalilin faruwar wani abu, wanda aka yi ta gwadawa ana neman inda zai karye, bai karye ba.

Wannan ta huɗun ce "hasashe" ke zalunta. Mu ɗauki misali. A 1915 Albert Einstein ya fito da bayanin cewa abu mai nauyi kamar rana yana lanƙwasa sarari da lokacin da ke kewaye da shi. In haka ne, dole hasken tauraron da ya ratsa ta gefen rana ya ɗan karkace. To, wannan shi ne hasashen. Ranar 29 ga Mayu, 1919, Arthur Eddington ya ɗauki hotunan husufin rana a tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, aka auna, aka ga hasken ya karkace. Kun ga ke nan "theory" ita ce uwa, hasashe kuma ɗanta ne da ake aikawa filin gwaji. Yau agogon taurarin ɗan'adam na GPS yana wuce na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, kuma da lissafin Einstein ake daidaita shi. Ba don haka ba, da taswirar wayarka ta daɗe da ɓatar da kai.

Abin ya fi muni a fannin lafiya. Bayanin cewa ƙananan halittu ne ke haddasa cututtuka da dama, shi ma "theory" ake kiran sa. Louis Pasteur ya kafa masa hujjoji a Faransa a shekarun 1860, Robert Koch kuma ya gano ƙwayar tarin fuka a Jamus a 1882. Shi ne ya bayyana amfanin rigakafi, da tafasa ruwa, da wanke hannu kafin karɓar haihuwa. In muka ce wa mai sauraro wannan "hasashe" ne, mun ajiye shi a layi ɗaya da hasashen wanda zai ci wasan ƙwallon gobe. Me zai hana shi cewa, "Ai su ma masanan ba su tabbatar ba"?

To, da wace kalma za a maye gurbinta? A sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu ana amfani da "ra'i", kuma tuni "hasashen bincike" ya zama sunan zaton da ɗalibi ke shirin gwadawa a kundinsa. Matsalar "ra'i" ita ce ɗan'uwan "ra'ayi" ne na jini, duka daga Larabci, kuma a kunnen mai sauraron rediyo kusan abu ɗaya ne. Kowa kuwa da nasa ra'ayin. "Ƙa'ida" ta fi dacewa da irin dokokin Newton na 1687, masu faɗin yadda abu ke motsi cikin lissafi. "Nazariyya" ta fi kusa: tushenta "nazari" ne, wanda Bahaushe ya sani, kuma a Larabci yana komawa ga kallo, kamar dai asalin kalmar a Girkanci. Rauninta kawai rashin sabo.

Akwai tarko a ɗaya ɓangaren ma. Kada gudun "hasashe" ya sa a ce "gaskiyar da ba ta canzawa", domin sabuwar hujja na iya gyara kowace nazariyya, kamar yadda Einstein ya gyara wa Newton zama.

Shawararmu ita ce mai fassara ya fara tambayar kansa: wace "theory" ce a gabana? In ta hira ce, ya ce zato. In ta kimiyya ce, ya ce nazariyya, ya kuma ƙara 'yar jimla a karon farko: bayanin da gwaje-gwaje suka mara wa baya. Daƙiƙa uku ce kawai a iska, amma ita za ta nuna wa mai sauraro bambancin abin da aka gwada da abin da aka zata.