Ɗan Tsokaci Kan Wasannin Faɗakarwa Na Lafiyar Yara

Duk hutun da na koma gida Gumel nakan saurari wasannin kwaikwayon rediyo masu faɗakarwa kan lafiyar yara. Abin da ke damuna da su shi ne zubinsu ɗaya. Kullum uwa 'yar ƙauye ce wawiyar wasa: ta ƙi allura, ta ɗura wa jariri jiƙo, malamin asibiti ya yi mata faɗa, ta tuba, a kaɗa kalangu. Maigida kuwa, wanda sai da izininsa da kuɗin motarsa za ta fita, da wuya a ji muryarsa.

Ban ce faɗakarwar ba ta da dalili ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 132 cikin dubu ba sa kai shekara biyar a Nijeriya, na Jigawa ma sun haura 200. Amma marubucin da ya san ƙasarmu, a watan Agusta zai kafa labarinsa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, tamowa da zazzaɓin cizon sauro suka taru wa yaro ɗaya. Zai nuna mana matar wani ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar, goye da majinyaci, tana jiran motar 'yan kasuwar Maigatari, alhali Alhamis saura kwana uku.

Ɗigon shan-inna har ƙofar gida aka riƙa kai shi, a 2020 aka tabbatar an ga bayan nau'in cutar na asali. Allurar ƙyanda ta wata tara kuwa, sai uwa ta taka. Ban taɓa jin wasan da ya tambayi dalili ba.