Riga ko Mai Riga?

Tun da aka buɗe Facebook a 2004, wayar hannu mai ɗaukar hoto kuma ta bazu, ba shekarar da za ta wuce ba mu ga hotunan masu sauke karatun jami'a ba, kowa sanye da doguwar riga da hula mai kusurwa huɗu. To, bari mu duba abin da hotunan nan ke faɗi game da masu su.

Rigar nan dai ba tamu ba ce. Asalinta tufar malaman jami'o'in Turai ce, ta zo mana tare da jami'a, kamar ta Ahmadu Bello da aka kafa a Zariya a 1962. Galibi ma hayarta ake yi, in an gama biki a mayar. Saboda haka hoton da ya tsaya ga riga, da jefa hula sama, da jingina jikin motar wani, bai gaya mana kome ba, gama dubbai sun yi irinsa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Amma akwai hoton da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Za ka ga yarinya ta tuɓe hular ta ɗora wa tsohuwarta bisa mayafi, ko yaro ya tsaya da rigarsa bakin rumfar ubansa a kasuwa. Wannan ko ba a rubuta kome ƙarƙashinsa ba, ya nuna inda aka fito, da guminsu wa aka sha.

Mu tuna saukar Alƙur'ani. Akan yi wa allo zayyana, yaro ya karanta gaban malaminsa da jama'a, sa'an nan ya zaga dangi da allon, ana sa masa albarka. Watau adon yana jikin karatu, murnar kuwa ta gida ce duka.

Abin takaici shi ne wanda uwa ta sayar da awakinta don kuɗin makarantarsa, ran ɗaukar hoto ya ji kunyar zanenta, ya bar ta gefe. Shi wannan hotonsa ƙarya ya faɗi, kome kyansa. Wanda ya sauke, ya jawo waɗanda suka ɗauki nauyinsa su tsaya kusa da shi. Allah ya sa ilmin ya yi albarka, amin.