Thelonious Monk, Makaɗin da Ya San Darajar Shiru

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin biki a Tamale ya saurari makaɗan Dagomba, waɗanda ake kira lunsi, ya san cewa gwanin kalangu ba ya cika ko'ina da sauti. Yakan buga, ya dakata, ya bar wa mai babbar ganga da masu rawa gurbi su amsa. Mai irin wannan kunne ba zai sha wuyar gane Thelonious Monk ba, wato makaɗin piyano baƙar fata na Amurka, wanda aka yi shekaru ana cewa bai iya kiɗa ba.

An haifi Monk a shekara ta 1917 a garin Rocky Mount, ya kuwa girma a birnin New York. Tun yana saurayi ya riƙa kiɗa a majami'a, har ya bi wata mai wa'azi gari gari yana yi mata kiɗa a tarurrukanta. A farkon shekarun 1940 ya zama makaɗin gidan Minton's a unguwar Harlem. A nan ne shi da Dizzy Gillespie da Charlie Parker da Kenny Clarke suka raini sabon salon jaz da ake kira bibop, kiɗan 'yan mutane kaɗan, mai sauri, wanda ake zama a saurara.

Amma Monk bai bi sawun abokansa cikin gudu ba. Abokinsa Bud Powell yakan zubo sauti da hannun dama kamar ruwan sama. Monk kuwa yakan miƙe yatsunsa ya doki piyano kamar mai dukan ganga. Yakan danna maɓallai biyu da ke maƙwabtaka, su ba da amo mai kama da kuskure, sa'an nan ya yi shiru daidai inda ake jiran bugu. Masu suka suka ce rashin gwaninta ne. Sun yi kuskure, gama wanda ya saurari faifan da ya yi wa kamfanin Blue Note daga 1947 zai ji yana maimaita “kuskuren” nan a wuri ɗaya, da gangan. Abin da mutum ya shirya ya kuma maimaita, ba tuntuɓe ba ne. Wani lokaci ma yakan tashi daga kujera ya taka rawa, ya bar sauran makaɗa su ci gaba.

Halinsa ya yi daidai da kiɗansa. A 1951 'yan sanda suka sami ƙwaya a motar da yake ciki tare da Powell. Monk ya ƙi ba da shaida a kan abokinsa, aka ɗaure shi, aka kuma ƙwace masa katin izinin yin kiɗa a gidajen shaƙatawa na New York har 1957. A shekarar da katin ya dawo ya yi wasa da John Coltrane a gidan Five Spot, ya kuma fitar da faifai wanda ya buɗe da waƙar sujada ta “Abide with Me”. Masu busa ne kaɗai suka yi ta, shi bai taɓa piyano ba.

Duk da haka, ba a rasa abin faɗi a kansa. Waƙoƙin da ya tsara kimanin 70 ne, kuma bayan da ya yi suna, har mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta a 1964, sai sababbi suka yi ƙaranci. Ya riƙa komawa kan tsofaffi, wasu faifan ƙarshen kuwa ba su da zafin na farko. Rashin lafiya ta sa ya bar kiɗa shekaru kafin mutuwarsa a 1982.

Amma abin da ya shuka ya tsiro. “'Round Midnight” tana cikin waƙoƙin jaz da aka fi maimaitawa a duniya. Randy Weston, wanda ya zo Nijeriya a 1961, da Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu, dukansu sun sha daga rijiyarsa. Matashin da ke koyon piyano a ƙungiyar mawaƙa ta majami'a a Tamale, wanda hannunsa ke ƙaiƙayin cika kowane gurbi, zai amfana idan ya saurari Monk, sa'an nan ya je ya sāke sauraron lunsi na garinsu.