Wasan Kwaikwayo a Makarantun Sakandare

Tun kafin a kafa makarantar boko a ƙasar Hausa, Bahaushe ya san fa'idar mutum ya ari rigar wani ya yi magana da bakinsa, domin kuwa idan azumi ya kai goma yara kan fita tashe da gemun auduga, suna kwaikwayon tsoho da malami da mai magani, matan fada kuma suna da wasan gauta, inda ake kwaikwayon sarki da hakimansa a kan idonsu, a nuna musu halayen da ba mai iya faɗa musu a zaman fadanci. Da boko ya zo sai ya sa al'adar a takarda. R. M. East ya fitar da Six Hausa Plays a 1936. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna har ya zama malami a Midil ta Bauci, ya riƙa tsara wasanni masu sukar zalunci da ha'inci. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa don koyar da tsabta. Sannan Shu'aibu Maƙarfi ya kawo Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960.

Abin da ya sa wannan fanni ya dace da ɗan sakandare shi ne shekarunsa, gama ya fita daga ƙuruciya bai kuwa shiga sahun manya ba, kuma tarbiyyarmu, wadda ta ɗora kunya a kan kome, ta koya masa sunkuyar da kai gaban na gaba amma ba ta ba shi filin da zai gwada fasahar harshensa ba. A dubi yaron da aka ba matsayin alƙali, an share ɗakin cin abinci an jera bencina, an naɗa masa rawani da zanen gado, ya ari babbar riga tana jan ƙasa. Ran farko zai zuba maganarsa a guje, idonsa a ƙasa, na baya ba su ji ba. Sai malami ya tsayar da shi, ya ce, "Kai, alƙali ba ya gaggawa. Bari mai ƙara ya gama, ka waiwayi muhuti, sannan ka yi magana." Kafin ranar wasa yaron ya koyi ɗaga murya ba tare da tsawa ba, ya koyi sauraron hujjar ɓangare biyu kafin hukunci, ya kuma gane cewa shiru ma yana da muhallinsa a cikin zance, alhali da an ba shi waɗannan a allo da sunan ladubban magana, da ya haddace su ya manta. Haka nan yarinyar da ta fito a matsayin matar da miji ya wulaƙanta, kamar a Uwar Gulma ta Mohammed Sada, takan fahimci al'amarin aure fiye da yadda nasiha za ta fahimtar da ita.

Abin takaici, a makarantu da yawa wasan ya koma littafin jarrabawa kawai, ana karanta shi a zaune, ana haddace jigo da sunayen 'yan wasa don amsa tambayar WAEC ko NECO, wanda a ganina daidai yake da koyon sukuwa a kan turmi.

Akwai iyaye da malamai masu ƙyamar abin, suna cewa lagawu ne, yana kuma jawo cuɗanyar maza da mata, kuma bai kamata a yi watsi da damuwarsu ba, tun da an ga wasannin da ba su da manufa sai batsa da shashanci. Sai dai illar tana ga abin da aka zaɓa a nuna da yadda aka tsara shi, kuma wannan a hannun malami yake. Makarantun kwana na 'yan mata sun daɗe da warware matsalar cuɗanya, inda ɗaliba kan sa hula da riga ta fito a matsayin maigida, a na maza kuma yaro ya ɗaura zane ya yafa gyale ya zama uwargida.